Gadar Mostar: An Ɗinke Dutse, Gari Na Nan a Rabe

Da hantsi, idan motocin safa sun fara juye fasinjoji a bakin tsohon garin Mostar, wani saurayi mai gajeren wando yakan haura shingen ƙarfen da ke gefen gada, ya tsaya a bakin dutse, ya ware hannuwa. Can ƙasa, tazarar fiye da mita 20, kogin Neretva ne ke gudu, kore shar, ruwansa kamar na ƙanƙara ko da ana tsakiyar zafi. Jama'a sai su ɗaga wayoyi. Shi kuwa ya dubi ruwa, ya dubi mutane, ya haura ya dawo ciki.

Ba tsoro ya ji ba. Abokinsa ne bai gama zagayawa da hula ba. Sai kuɗin da aka jefa sun kai abin da suka yanka, sannan a kwara masa ruwan sanyi a jiki don kada na kogi ya shammace shi, ya sake haurawa. Daƙiƙa biyu zuwa uku, an ji tsundum. Tafi ya ɓarke, kowa ya sunkuya yana duba ko wayarsa ta kama.

Wannan hoto ya cika Facebook da Instagram da TikTok a 'yan shekarun nan. Ƙasar Bosniya da Hazegobina, wadda da yawa daga cikinmu ba su san sunanta ba sai a labaran yaƙi na rediyo, ta zama wurin zuwa hutu. Turkawa suna zuwa, Larabawan ƙasashen Gulf suna zuwa da iyalansu, ga Turawa da mutanen gabashin Asiya. Dubban ɗaruruwa ne ke taka gadar a shekara. Mafi yawansu kuma awa biyu ko uku suke yi: su sauka, su yi hoto, su ci abinci, su koma Dubrovnik ko Sarayebo kafin dare.

A cikin wannan ɗan lokaci ɗan jagora yakan ba su labari mai daɗin ji: ga gadar da yaƙi ya rushe, duniya ta taru ta sake ginawa, yanzu ta zama alamar sulhu tsakanin Musulmi da Kirista. Rabin farko gaskiya ne. Rabi na biyu kuwa, sai mutum ya bar bakin kogi ya shiga gari kafin ya san inda maganar ta kwana.

Aikin almajirin Sinan

Garin ma daga gada ya samo suna. A harshen mutanen wurin “most” ita ce gada, “mostari” kuma masu gadinta. Tun kafin Turkawa su iso yankin a ƙarni na 15 akwai wata gadar katako da ke rataye da sarƙoƙi a wurin, wadda ake cewa lilo take yi da mai tsallakawa. Da gari ya bunƙasa ƙarƙashin Daular Usmaniyya, fatake da sojoji suka yawaita, katako ya kasa.

Sarki Sulaiman, wanda Turkawa ke kira Ƙanuni, shi ya ba da umarnin gina ta dutse a 1557. Aka danƙa aikin ga Hayruddin, ɗaya daga cikin almajiran Mimar Sinan, babban maginin daular. Shekara tara aka yi ana aiki. An gama a 1566, shekarar da shi Sarkin ya rasu a fagen yaƙi a ƙasar Hungari.

Abin da Hayruddin ya yi, baka guda ne tak, ba ginshiƙi ko ɗaya a cikin ruwa. Maginanmu na gargajiya da ke ɗaure soro da bakan gizo za su gane dabarar nan take: kowane ɓangare yana jingine da ɗan'uwansa, nauyi na gangarawa zuwa gefe biyu. Bambancin shi ne wannan bakan ya haɗa gaɓa da gaɓa, kusan mita 30, faɗinsa kuma mita 4 kacal, sama da kogi mai ƙarfin gudu.

Dutsen da aka yi aikin da shi ana kiransa tenelija, fari ne, ana haƙo shi kudu da garin. Yana da taushin sassaƙa idan an fito da shi, ya ƙara tauri idan ya sha iska. Magina suka riƙa haɗa dutse da dutse da maɗauran ƙarfe, su narka darma su zuba a ramin don ƙarfen ya zauna daram, tsatsa kuma ta kasa cin sa.

Akwai almarar da kowane ɗan jagora ke bayarwa, wai an yi wa maginin alkawarin kisa idan gadar ta faɗi, don haka ranar da za a cire katakon da ke tallafe da ita ya haƙa kabarinsa ya zauna jira. Wasu kuma su ce gudu ya yi. Almara ce, amma ta nuna yadda mutanen zamanin suka ɗauki aikin.

Gadar ba ta faɗi ba. Ta ga ƙarshen mulkin Turkawa a 1878, ta ga na Ostiriya da Hungari, ta ga yaƙin duniya biyu da zamanin Tito, shugaban Yugoslabiya. Shekara 427 tana tsaye.

Tsalle daga kanta ma ba sabon abu ba ne. Shahararren matafiyin nan Baturke, Evliya Çelebi, da ya ratsa garin a ƙarni na 17, ya tarar da samari suna yi. Tun 1968 ake shirya gasa a ƙarshen watan Yuli. Salo biyu ne: na faɗawa da ƙafa, da wanda suke kira “lasta”, wato tsattsewa, inda mutum ke ware hannuwa ya tafi da ka. Daga 2015 kamfanin Red Bull ya kawo gasarsa ta duniya nan, abin da ya ƙara wa garin suna.

Abin da ke kewaye da ita

Wanda zai hau gadar ya kula da takalminsa. Tudu ce, kuma ƙafafun mutane sun goge dutsen har yana sheƙi. An jera ƙananan duwatsu a gicciye kamar matakala, ana taka su ne don gudun santsi.

Hasumiya biyu ke gadinta. Ta gabas, Tara, a da rumbun albarushi ce, yanzu gidan tarihi. Ta yamma, Halebija, ƙasanta kurkuku ne a da, samanta wurin masu gadi. Yau nan ne matattarar 'yan tsalle.

Daga ƙafar gada ta gabas kasuwar Kujundžiluk ta miƙe, siririn lungu mai daɓen duwatsun kogi. Sunan daga kalmar Turkanci ta maƙeran zinariya ya fito. Har yanzu akan ji ƙwanƙwasar guduma a kan jan ƙarfe, ana sassaƙa faranti da 'yar tukunyar dafa gahawa. Sai dai a faɗi gaskiya, maƙeran ainihi sun yi ƙaranci. Yawancin kayan da ke rataye, fitilu masu launi da gyale da abin maƙalawa a firiji, irin waɗanda mutum zai gani a kasuwannin Istanbul ne. Abin da ba za a samu a can ba shi ne alƙalami da tulun fure da aka ƙera da kwanson harsashi. Yaƙi ya koma tsaraba.

Gaba kaɗan akwai Masallacin Koski Mehmed Pasha, na farkon ƙarni na 17, zaune a kan dutse a bakin kogi. Hoton gadar da aka fi yaɗawa daga harabarsa ko daga kan hasumiyarsa ake ɗauka. Ana biyan kuɗi a hau, matakalar kuma matsattsiya ce, mai ƙiba sai ya yi shawara da kansa. Cikin gari kuma akwai Masallacin Karađoz Beg, na wajen 1557, wanda ake danganta zanensa ga Sinan da kansa. Shi ne mafi girma a tsofaffin masallatan garin, da makaranta a gefensa. A maƙabartun da ke kusa, mai lura zai ga shekara ɗaya tana maimaituwa a kan duwatsun kaburbura: 1993.

A yamma da gada akwai Tabhana, tsohuwar unguwar majema, wadda ɗakunan jimarta suka koma gidajen abinci, da masallacin majeman a kusa. Can ƙasa, a kan wani rafi mai suna Radobolja, akwai 'yar ƙaramar gada, Kriva Ćuprija, wato karkatacciyar gada. Ta girmi babbar da 'yan shekaru, kuma kamarsu ɗaya, shi ya sa ake cewa gwaji ce aka yi kafin babban aiki. Ita ta tsira daga yaƙi da raunuka, sai ambaliya ta zo ta ɗauke ta bayan 'yan shekaru. Ita ma sake gina ta aka yi.

Akwai kuma gidajen attajiran zamanin Turkawa, irin na Bišćević da na Muslibegović, masu doguwar katanga da tsakar gida da ɓangaren iyali daban da na baƙi. Bahaushe ba zai ji baƙunta a tsarin ba.

Safiyar 9 ga Nuwamba

Kafin yaƙi, Mostar na cikin garuruwan Yugoslabiya da aka fi cuɗanya. Ƙidayar 1991 ta nuna kusan kashi ɗaya cikin uku Musulmi ne, wato Bosniyak, kusan kashi ɗaya cikin uku Kuroshiyawa 'yan Katolika, kusan kashi ɗaya cikin biyar Sabiyawa 'yan Otodoks, saura kuma suna kiran kansu 'yan Yugoslabiya kawai. Harshensu kusan ɗaya ne, auratayya kuma ta yi yawa. Akwai masana'antar ƙera jiragen sama ta Soko, da ta alminiyom, da gonakin inabi da taba.

Yaƙin sau biyu ya zo wa garin. A 1992 sojojin Yugoslabiya da mayaƙan Sabiyawa suka yi masa ruwan wuta daga duwatsun gabas. Musulmi da Kuroshiyawa suka haɗa kai suka kore su a watan Yuni. A wannan zagaye aka karya sauran gadojin garin da ke kan Neretva, aka kuma rushe babban cocin Otodoks na ƙarni na 19, Sabiyawan garin suka watse.

Daga nan abokan jiya suka juya wa juna baki. Ranar 9 ga Mayun 1993 rundunar Kuroshiyawan Bosniya, HVO, ta far wa Musulmi. Aka kori iyalai daga gidajensu a yammacin gari, aka tsare maza a sansanoni, aka tura sauran gabas. Dubun dubatar mutane suka matsu a wani siririn yanki tsakanin kogi da dutse, ba wuta, ba ruwan famfo, abinci sai abin da ayarin agaji ya samu shigarwa. Wata kusan goma ana haka.

Tsohuwar gada ita ce babbar mashigar da ta rage tsakanin gabas da 'yar unguwar da Musulmi ke riƙe da ita a yamma. Ta kanta ake ɗebo ruwa, ta kanta ake kai wa mayaƙa abinci da harsashi. Mutane suka rataya mata tsofaffin tayoyin mota, suka yi mata rumfa da katako da kwano don kare masu wucewa daga maharba.

Ranar 8 ga Nuwamba tankar yaƙi ta fara dukanta. Washegari, jim kaɗan bayan ƙarfe goma na safe, bakan ya karye ya zube cikin Neretva. An ɗauki abin a bidiyo, duniya ta gani.

Mutanen da suka binne 'ya'yansu a wannan shekara sun yi wa dutse kuka. Wanda bai san wurin ba zai ga abin da mamaki. Amma a nan samari ke nuna sun isa, a nan masoya ke haɗuwa, hotonta ne a bangon kowane gida, na Musulmi da na Kirista.

Hukuncin da bai gamsar da kowa ba

Maganar wanda ya rushe ta da dalilinsa ta kai gaban kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Hague, a shari'ar shugabannin Kuroshiyawan Bosniya shida, ciki har da Jadranko Prlić da Janar Slobodan Praljak. A 2013 kotu ta ce HVO ce ta rushe gadar. Ta yarda cewa sojojin Bosniya na amfani da ita, amma ta ce cutar da rushewar ta yi wa farar hula ta wuce duk wata ribar soja.

A ɗaukaka ƙara, ranar 29 ga Nuwamban 2017, alƙalai mafi rinjaye suka sauya wannan ɓangare. Suka ce tunda hanyar soja ce, ba za a kira rushe ta ɓarna marar dalili ba. Sauran manyan laifuffukan kuwa suka tabbata, har da ɗaurin shekara 20 da aka yi wa Praljak. Yana jin haka ya miƙe, ya ce shi ba mai laifin yaƙi ba ne, ya kafa 'yar kwalba a baki. Guba ce. Ya mutu ranar.

Har yau kowane ɓangare na riƙe da nasa karatun. Ga Bosniyak, an rushe gadar ne don a shafe shaidar cewa Musulmi sun yi ƙarnoni a wurin, kamar yadda aka bi masallatai ana rusawa. A ɓangaren Kuroshiyawa akwai masu cewa larurar yaƙi ce, akwai masu bin iƙirarin Praljak cewa nakiya aka dasa daga ɗaya gefen, akwai kuma waɗanda tun a lokacin suka ce abin kunya ne. A wasu wurare a yammacin Hazegobina har yanzu jarumi ake ɗaukar Praljak.

Sabuwar tsohuwar gada

Yarjejeniyar Washinton ta Maris 1994 ta tsayar da faɗa tsakanin Musulmi da Kuroshiyawa, ta Dayton kuma ta rufe yaƙin Bosniya a ƙarshen 1995. Aka rataya gadar wucin gadi ta igiyoyin ƙarfe a inda ta dutse take.

A 1997 sojojin Hungari masu nutso suka fara tsamo duwatsun daga ƙasan kogi. An so a mayar da su, amma bincike ya nuna wuta da ruwa sun gama da su. Wasu suna nan zube a gaɓa, baƙi na zama a kansu ba tare da sanin ko mene ne ba.

Bankin Duniya da UNESCO da Gidauniyar Aga Khan da Asusun Kula da Gine-ginen Tarihi na Duniya suka haɗa hannu. Italiya da Holan da Turkiyya da Faransa suka ba da gudummawa, har da ita kanta Kuroshiya. Aikin, da gyaran gine-ginen kewaye, ya ci kimanin dala miliyan 15. Aka koma mahaƙar da Hayruddin ya ɗebi dutse, aka horar da masassaƙa, aka narka darma kamar yadda aka yi a ƙarni na 16. Kamfanin Turkiyya ne ya ɗaura bakan. Ranar 23 ga Yulin 2004 aka buɗe ta da gagarumin biki, Yarima Charles na Ingila na cikin baƙi. Shekara guda bayan haka UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya.

Masana adana kayan tarihi sun yi ta muhawara. Wasu suka ce kwafi ne, komai kyansa, kuma da an bar gurbin a buɗe da ya fi faɗa wa na baya gaskiya. Wasu suka ce ai gini ba dutse kaɗai ba ne, har da sanin yadda ake yin sa, kuma wannan sani an farfaɗo da shi. UNESCO da kanta, da ta zo rajista, ba ta dogara da tsufan ginin ba, ta dogara ne da abin da yake wakilta. Mutanen gari kuma, da barkwancinsu, suka riƙa kiranta sabuwar tsohuwar gada.

A ganina masu ginin sun yi daidai. Barin rami a tsakiyar gari don ya zama darasi, ra'ayi ne mai sauƙi ga wanda ba a garin yake kwana ba. Inda aka yi kuskure shi ne nauyin da aka ɗora wa gadar a jawabai.

Iyakar da ba ta fita a hoto

Ga abin da ɗan jagora ba ya cika faɗa: gadar ba ta haɗa Musulmi da Kirista ba, domin duka ƙafafunta biyu a unguwannin Musulmi suke. Iyakar ba kogi ba ce. Tana can yamma, tafiyar 'yan mintoci, a wani faffaɗan titi da ake kira Bulevar, inda fagen daga yake a 1993. Ba shinge, ba soja, ba allo. Mota na wucewa, mutane na tsallakawa zuwa aiki da kanti. Amma kowa ya san inda nasu ya ƙare.

Wanda ya san yadda Kaduna ta koma bayan rikicin shekarar 2000, kowa ya tattara ya koma inda nasa suka fi yawa, ba ya buƙatar dogon bayani.

A Mostar abin ya shiga har cikin hukuma. Gari ne mai mutum dubu ɗari da 'yan kai, amma jami'a biyu gare shi, kamfanin wutar lantarki biyu, gidan waya biyu. Yara suna karatu da manhaja biyu, kowace da nata tarihin yaƙin. Ƙwallo ma haka: Zrinjski ta yamma, Velež ta gabas. Velež, wadda ta ci kofin Yugoslabiya a 1981 da 1986, ta rasa filinta na Bijeli Brijeg tun farkon yaƙi domin ya faɗa yamma, kuma Zrinjski ke wasa a cikinsa har yau. Ranar da suka haɗu, 'yan sanda ba sa barci.

Ko sama aka duba ana ganin gasar. A 2000 aka kafa gicciye mai tsawon mita 33 a kan dutsen Hum, inda aka riƙa harbo gabashin gari daga kai. Kuroshiyawa na cewa alamar imani ce, Musulmi da yawa kuwa tsokana suke gani. Cocin Faransiskawa da aka sake ginawa an yi masa hasumiyar ƙararrawa mai mita 107, ta kere kowace hasumiyar masallaci. Masallatai su ma sun ƙaru.

A bakin Bulevar, a Dandalin Sifaniya, wanda aka sa wa suna don tunawa da sojojin kiyaye zaman lafiya na Sifaniya da suka mutu a ƙasar, akwai wata makarantar sakandare mai launin ruwan lemo, ginin zamanin Ostiriya mai kama da na Andalus. Yaran ɓangarorin biyu na shiga ta ƙofa ɗaya, amma yawancin darussa kowa da ajinsa. A saman benen kuma akwai kwalejin United World College, wadda ta buɗe a 2006, inda ɗalibai daga ƙasashe da dama ke zama aji guda. Tsallaken titi ga wani dogon ginin banki da maharba suka yi amfani da shi, wanda ya yi shekaru a kango, matasa suka cika bangonsa da zane-zane.

Siyasa ce ta fi nuna tsananin abin. Bayan zaɓen 2008, kotun tsarin mulki ta soke wani ɓangare na dokar zaɓen garin, manyan jam'iyyun biyu, HDZ ta Kuroshiyawa da SDA ta Bosniyak, suka kasa daidaitawa kan sabuwa. Shekara 12 ba a zaɓi kansila ko ɗaya ba. Sai da wata malamar makaranta, Irma Baralija, ta kai ƙasarta ƙara Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, ta yi nasara a 2019, sannan aka yi zaɓe a Disamban 2020.

Akwai waɗanda ba su yarda da wannan zaman 'yan marina ba. A 2005 wasu matasa suka kafa mutum-mutumin Bruce Lee a wani lambu, bisa hujjar cewa shi kaɗai ne jarumin da kowane ɓangare ya taso yana so. Ba a kwana biyu ba aka lalata shi. Maƙabartar 'yan gwagwarmayar yaƙin duniya na biyu, wadda Bogdan Bogdanović ya zana aka buɗe a 1965, inda sunayen Musulmi da Sabiyawa da Kuroshiyawa da Yahudawa ke jere wuri guda, ta fi shan wahala. A Yunin 2022 aka wayi gari an farfasa ɗaruruwan duwatsun sunayen. Motocin baƙi ba su cika zuwa can ba.

Kuɗin baƙi, rabon wa?

Ba wanda zai raina abin da yawon buɗe ido ya kawo. Masana'antar Soko ta tafi da yaƙi. Ta alminiyom ta tsaya a 2019 bayan an yanke mata wuta saboda bashi, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa abin yi. A irin wannan hali, mai ɗakin haya, da mai gasa ćevapi, wato 'yan curin niƙaƙƙen nama da ake ci da gurasa da albasa, da direban tasi, duk gada ce gonarsu.

Koke-koken su ma sanannu ne. Baƙon awa uku ba ya kwana, don haka babban kuɗin yana komawa ga kamfanonin da suka ɗauko shi daga gaɓar tekun Kuroshiya. Cinikin na 'yan watanni ne: daga Mayu zuwa Satumba lungu ba masaka tsinke, zafi na haura digiri 40, da sanyi ya shigo kuma rabin shaguna su rufe. Gidajen tsohon gari suna komawa masauki, masu su na ƙaura. Matasa masu ilimi, na gabas da na yamma, hanya ɗaya suke bi: Jamus da Ostiriya. A wannan kam kansu haɗe yake.

Masu kula da kayan tarihi na da tasu damuwar, ta rumfuna da gine-ginen da ke tasowa ba bisa tsari ba a kewayen wurin da aka ce na duniya ne. Masu kare muhalli kuma na nuna shara da ruwan ƙazanta da ke shiga Neretva, da madatsun ruwa da ke sama waɗanda ke sa kogin ya cika ko ya janye cikin 'yan sa'o'i. Wannan na ƙarshe ya shafi 'yan tsalle kai tsaye, domin zurfin ruwa shi ne ransu.

Baƙin ma ba wuri ɗaya suke nufa ba. Kimanin kilomita 25 daga Mostar akwai Međugorje, inda 'yan Katolika daga ko'ina ke tururuwa tun 1981. Musulmi kuwa Blagaj suka fi nufa, kilomita 12 kudu maso gabas. A can kogin Buna ke ɓulɓulowa daga bakin kogo, ƙarƙashin wani dutse mai tsayin kusan mita 200, a gefensa kuma ga wata farar zawiyar Sufaye mai barandar katako, wadda ta haura shekara ɗari huɗu. Ana cire takalmi, mata su yafa gyale, har yanzu kuma ana zikiri a cikinta. Wanda ya samu isa da sassafe, kafin gidajen cin kifi su cika, zai ji abin da ya sa masu halwa suka zaɓi wurin. Motocin Međugorje da na Blagaj sukan haɗu a wurin ajiye motoci ɗaya a Mostar, fasinjojinsu su hau gada tare, su yi hoto, kowa ya koma motarsa.

A ƙafar gadar akwai wani ɗan dutse da aka rubuta wa gargaɗi da Turanci cewa kada a manta da 1993. Da rani baƙi kan tsuguna su yi hoto da shi.

Ranar 9 ga Nuwamba kuwa ba baƙi sosai. Ruwan Neretva ya ƙara sanyi, shaguna da yawa a kulle. Mutanen gari da 'yan makaranta sukan taru a kan gada da furanni a hannu. Da ƙarfe goma da minti goma sha shida jiniya ta yi kuka, a watsa furannin cikin kogi. Sai ɗaya daga cikin 'yan tsalle ya haura shinge, ya ware hannuwa, ya faɗa. Ranar ba a zagayawa da hula, kuma ba a tafi.